'Yar ruwa: aljana ce, ayu ne, ko hoton kalanda?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Bidiyon nan na 'yar ruwa da aka ce teku ta turo bakin gaɓa ya sake zagayowa a WhatsApp, kuma kowane zagaye da sunan ƙasar da ake liƙa masa. Tambayata ga masana: wannan siffa ta rabi mace rabi kifi daga ina ta samo asali? Kuma me ya sa kowace ƙasa take da irin tata?

Alƙalamin Gobir:
Wa alaikumus salam Hajiya. A fara gyara tambaya ta biyu. Ba kowace ƙasa ce take da mace mai wutsiyar kifi ba. Abin da kusan kowace al'umma take da shi shi ne mutanen ruwa. Wutsiyar daga baya ta zo ta rufe su, kamar yadda atamfa ta rufe saƙi.

Mafi tsufan abin da aka samu ma namiji ne. A Iraƙi ta dā ana sassaƙa wani mai suna kulullu, ma'anarsa mutum-kifi. Wani limamin bautar Babila mai suna Berossus, wanda ya yi rubutu da Girkanci wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya kawo labarin Oannes: jikinsa kifi ne sukutum, amma ƙarƙashin kan kifin akwai kan mutum, wajen wutsiya kuma ƙafafun mutum. Da safe ya fito daga teku ya koya wa mutane rubutu da noma da doka da kafa gari, ba ya cin komai, rana ta faɗi ya koma ruwa. Malami ke nan, ba mai yaudarar masunta ba.

Macen kuwa daga Sham take. Sunanta Atargatis, Girkawa suna ce mata Derketo, ana bauta mata a Askalan. Marubucin tarihi Diodorus ya ce ta haihu da wani saurayi, kunya ta kama ta, ta faɗa tafki, sai ta zama kifi mai fuskar mace, shi ya sa mutanen wurin ba sa cin kifi. Ku riƙe wannan kalma ta kunya, za ta sake dawowa.

Ummu Sudais:
Malam, ina ce daga Girkawa aka ɗauko ta? Waɗannan masu waƙa su halaka matuƙan jirgi.

Alƙalamin Gobir:
Nan ne kowa yake zamewa. Siren na Girkawa tsuntsaye ne. Duba tulunansu masu zane, za ki ga jikin tsuntsu da fiffike da farata, kan mace a sama, suna zaune kan dutse. Mai wutsiyar kifi a wurinsu Triton ne, namiji, mai busa ƙahon katantanwar teku. Sai wajen ƙarni na 8 aka samu wani littafin dodanni na Latin da ya ce siren daga cibiya zuwa ƙasa kifi ne. An daɗe masu zane a Turai suna ruɗewa, har akwai zanen da ya haɗa mata fiffike da wutsiya gaba ɗaya. A ƙarshe kifi ya ci, waƙar tsuntsuwa ta koma bakin 'yar ruwa. Mataji da madubi kuma masu sassaƙar coci ne suka ɗora mata, don su nuna ta a matsayin alamar son kwalliya da fitina.

Ɗan Sarkawa:
Ranka ya daɗe, duk wannan tarihi yana da kyau, amma abin bai kai haka nisa ba. Ayu ne. Wanda ya san kogin Kwara da Binuwai ya san ayu. Kolombus da kansa shaida ne. A littafin tafiyarsa na ranar 9 ga Janairu 1493, kusa da gaɓar ƙasar da yanzu ake kira Jamhuriyar Dominika, an rubuta cewa ya ga 'yan ruwa uku sun ɗago sosai, amma ba su kai kyan da ake zana su ba, fuskarsu ma ta yi kama da ta maza. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne layin da ke biye: ya ce ya taɓa ganin irinsu a Gini, a gaɓar Malageta, wato wajen Laberiya ta yau. Ayunmu ya fara gani ke nan kafin ya ga na can. Masana dabbobi ma sunan Sirenia suka raɗa wa dangin ayu tun 1811, daga sunan siren ɗin nan.

Kuma a gaɓar kogunan Afirka ta Yamma ana ba da labarin cewa asalin ayu Bafillatana ce da aka rutsa tana wanka, kunya ta hana ta fitowa, ta zauna a ruwa. Ga kunyar Malam ta dawo.

Likitar Dabbobi:
Bari in siffanta shi ga wanda bai taɓa gani ba, don kowa ya auna da kansa.

Dangin guda huɗu ne suka rage a duniya: ayun Afirka, ayun Karibiyan, ayun kogin Amazon, sai dugon na Bahar Maliya da tekun Indiya har Ostireliya. Na biyar, wani ƙato na tekun sanyi, an gano shi a 1741, zuwa 1768 mafarauta sun ƙarar da shi. Shekara 27 kacal.

Namu yana kai mita 3 ko fiye, nauyi kilo ɗari uku zuwa ɗari biyar. Ciyawa yake ci, burgu da makamantanta. Ba kifi ba ne, huhu gare shi, yana ɗago hanci duk minti uku zuwa biyar, in yana hutawa yakan kai minti ashirin. Wutsiyarsa zagayayya ce kamar faifai, ta dugon kuwa mai reshe biyu ce. 'Yan'uwansa na kusa a tudu giwa da agwada ne.

Abin da ke sa a ga kamar mutum abu uku ne. Hannayensa suna da gwiwa da ƙasusuwan yatsu biyar a cikin fata, da farce uku ko huɗu a baki, yana ma tura ciyawa baki da su. Nonon macen a hammata yake, ba a ciki kamar na saniya ba. Sannan yakan tsaya a miƙe cikin ruwa marar zurfi ya leƙo.

Amma a daina cewa tana rungume ɗanta a ƙirji tana shayar da shi a saman ruwa. Ɗan yana kama nono ne daga bayan hannu, a ƙarƙashin ruwa, suna kwance. Kuma ƙashin wuyansa shida ne ba bakwai ba, bai iya waiwaye, sai ya juya jiki duka. Fuska kuwa, leɓe mai kauri da gashin baki kamar tsintsiya. Wanda ya ga kyakkyawa a nan, to ya daɗe a teku.

Alƙalamin Gobir:
Likita ta gama min rabin aiki. Ɗan Sarkawa, ayu ya bayyana abin da Kolombus ya gani, amma bai bayyana abin da ya sa ya kira shi siren ba. Da hoton a kansa ya bar gida. Shi ya sa ya ce ba su kai yadda ake zana su ba.

Sannan ayu ba ya jure ruwan sanyi. Ina ayu a Rasha? Rusalka tasu ƙafafu gare ta, budurwa ce da ta nutse, a farkon bazara takan fito ta hau bishiya ta yi lilo, ta yi wa namiji cakulkuli har ya mutu. Ina ayu a tsibiran Okni da Shetlan da Faro? Can selki gare su: sil ce, wata dabbar teku mai shayarwa, mai tuɓe fatarta ta zama mace, masunci ya ɓoye fatar ya aure ta, ta haifa masa 'ya'ya, ranar da ta gano inda fatar take ta koma teku ba sallama. A Ailan jar hula ce ake ɓoyewa maimakon fata. A Faransa Melusin ce, wadda Jean d'Arras ya rubuta labarinta a 1393: sharaɗin aurenta kada miji ya gan ta ranar Asabar, ya leƙa ta ramin ƙofa ya ga daga ƙugu zuwa ƙasa maciji ce. Sedna ta mutanen Inuwit ubanta ne ya datse mata yatsu a bakin kwalekwale, yatsun suka zama dabbobin teku.

Duba abin da ke maimaita kansa: aure da sharaɗi, karya alkawari, matar da ta zo daga wani dangi kuma zuciyarta tana can. Wannan zancen mutane ne, ba na dabba ba.

Ɗan Sarkawa:
Na karɓi na Rasha. Amma matuƙin jirgin Ingila Henry Hudson fa, 15 ga Yuni 1608, can arewa kusa da Nobaya Zemliya? Mutanensa biyu suka ce sun gani: farar fata, baƙin gashi mai tsawo, wutsiya mai ɗigo-ɗigo. Waɗannan ba tatsuniya suke yi ba, rahoto suka ba shugaban jirgi.

Injiniya Bature:
Sil ne ko makamancinsa, amma akwai wani bayani da ya fi wannan daɗi, kuma an gwada shi da lissafi. Wani littafin Nowe na wajen 1250 ya siffanta ɗan ruwan tekun Girinlan: dogo, yana miƙewa tsaye daga ruwa, yana da kafaɗu amma ba hannu, yana tsukewa zuwa ƙasa, ba wanda ya taɓa ganin ƙarshensa, kuma duk sanda aka gan shi guguwa na tafe.

A 1981 masana Lehn da Schroeder na Jami'ar Manitoba a Kanada suka nuna cewa kawalwalniya ce, amma kishiyar tamu. Tamu ta kan kwalta, ƙasa ce da zafi iska ta sama da sanyi. Ta can ruwa ne da sanyi, iska mai ɗumi ta kwanta a kansa. Haske yana lanƙwasawa, sai abin da ya ɗan leƙo daga ruwa, kamar kan walrus, ƙaton ɗan'uwan sil mai haure, ya miƙe ya zama ginshiƙi mai kai da wuya. Sharuɗɗan: idon mai kallo ya kasance ƙasa-ƙasa, kamar mita 2 daga fuskar ruwa, abin yana nesa kamar kilomita guda, iska kuma ta tsaya cik. Jiragen mutanen dā gajeru ne, daidai wannan tsayi. Iska mai ɗumin nan kuwa ita ce ke gabatar guguwa, don haka tsofaffin ba su yi ƙarya ba da suka haɗa shi da hadari. Da jirage suka yi tsayi, ido ya fita daga layin, siffar ta daina bayyana yadda take. Har hoton wani dutse suka ɗauka a tafkin Winifeg ya fito da wannan siffa.

Malam Na-Zaure:
Kun yi ta yawo a Turai, kun bar littattafan da ke zaurukanmu. Ƙazwini, wanda ya rasu 1283, ya kawo insanul ma'i, wato mutumin ruwa, a Aja'ibul Makhluƙat, Damiri ma ya maimaita a Hayatul Hayawan. Suka ce kamar mutum yake sai dai yana da wutsiya. Akwai hikayar sarkin da aka kawo wa ɗaya, ba a jin maganarsa, sai aka aura masa mace, suka haifi ɗa mai jin harshen uwa da na uba. Aka ce wa yaron me babanka yake cewa? Ya ce yana mamaki ne, duk dabbobi wutsiyarsu a baya take, me ya sa ta waɗannan take a fuska? Gemu yake nufi. Masu gemun gidan nan a yi haƙuri.

Har fiƙihu ya shiga. Damiri ya ce an tambayi Laisu ɗan Sa'ad ko ana cin mutumin ruwa, ya ce ba a ci ko ta wane hali. Imamu Malik kuma da aka tambaye shi aladen ruwa, cewa ya yi ku ne kuke kiransa alade. Wato suna daban, dabba daban. Wannan amsa ta dace da muhawararmu.

A Dare Dubu da Ɗaya ma iri biyu ne. Dangin Julnar ba su da bambanci da mu a jiki, sai dai suna rayuwa a ƙarƙashin teku. Mutanen Abdullahi na Teku kuwa masu wutsiya ne, har suna yi wa Abdullahi na Tudu dariya don ba shi da ita.

Baban Khalifa:
Allah gafarta Malam, ina jin tsoron inda zancen nan ya dosa. Wato yanzu ana so a ce babu aljanun ruwa ke nan?

Malam Na-Zaure:
A'a Alhaji, ba wanda ya ce haka. Aljanu Alƙur'ani ya tabbatar da su, akwai sura guda da sunansu. Amma ayar Suratul A'araf ta ce Shaiɗan yana ganinku, shi da rundunarsa, ta inda ba ku ganinsu. Babu aya ko hadisi ingantacce da ya ce aljanin ruwa mace ce mai wutsiyar kifi da mataji a hannu. Imani da gaibu daban, gaskata hoton da wani ya haɗa a waya daban. Abin da aka ɗauka a bidiyo yana birgima a yashi, mutane sun kewaye shi, ko dai dabba ce ko mutum ko haɗi.

'Yar Zango Kumasi:
Tunda an zo kan hoto, ga labarin wanda ya fi kowanne tasiri a Afirka, na Mamiwata.

Siffar mai wutsiya ta iso gaɓarmu tare da jiragen Fotugal. Akwai sassaƙen hauren giwa da mutanen Sapi na Saliyo suka yi wajen 1500 mai ɗauke da ita. Amma hoton da kowa ya sani, mace mai yalwar baƙin gashi da tsaga a tsakiya, maciji ya naɗe ta, ba 'yar ruwa ba ce ko kaɗan. Tallar wasa ce. Kamfanin ɗab'i na Adolph Friedländer a Hambug ta Jamus ne ya buga shi a shekarun 1880, don wata mai wasa da macizai da ke nuna gwaninta a Turai. Ma'aikatan jirgi suka kawo shi. Zuwa 1901 an riga an ɗauki hoton wani sassaƙe a garin Bonny da aka kwaikwayo daga gare shi.

Me ya sa aka ce 'yar ruwa ce alhali ba wutsiya? Hoton ya yanke a ƙugunta, ba a ga ƙafa ba, bayanta kuma launin shuɗi-kore kamar ƙarƙashin ruwa. Abin da aka ɓoye ido ya cike. Daga baya, a 1955, 'yan kasuwa a nan Kumasi suka aika da kwafi wani kamfanin kalanda a Bombai, aka buga dubbai aka dawo da su. Masanin tarihin fasaha Henry Drewal ne ya bi sawun wannan duka. Shi ya sa a ɗakunan bautarta a Togo da Binin za ka ga hotunan gumakan Indiya, da hoda, da turare, da lemon kwalba. Aljanar kasuwanci ce: tana ba da dukiya, sharaɗinta kada ka haɗa ta da kowa, wasu su ce har haihuwa take karɓa a madadi.

Ɗan Dosso:
Shi ya sa nake ƙin a riƙa kiran kowane mai ruwa Mamiwata. A wurin Zabarmawa da Sonrai mai kogin Kwara ita ce Harakoi Dikko, uwar manyan iskokin Toru, kuma Sorko masunta su ne masu yi mata kirari. A matsayin mace ake siffanta ta. Bambara suna da Faro. Borinmu akwai Sarkin Rafi. Yarbawa suna da Yemoja ta kogin Ogun, wadda bayi suka tsallaka da ita Burazil ta zama Yemanja. Can ne ta samu wutsiya da madubi, kuma duk 2 ga Fabrairu mutanen birnin Salbado na can suna kai mata furanni da turare teku. A Duwala ta Kamaru jengu ne, masu dogon gashi da wushirya, kuma a bikin Ngondo wani yana nutsewa kogin Wuri da tukunya ya dawo da saƙon shekara.

Kuma kada a ɗauka zancen dā ne. A 2012 ministan ruwa na Zimbabuwe, Samuel Sipepa Nkomo, ya gaya wa kwamitin majalisa cewa ma'aikata sun gudu daga aikin madatsun ruwa a Gokwe da wajen Mutare saboda njuzu, wato 'yan ruwansu, ya kuma ba da shawarar a dafa giyar gargajiya a yi al'ada kafin a ci gaba.

Mai Gyaran Kayan Tarihi:
Saura gawarwakin da ake nunawa. Wannan sana'a ce, kuma Japan ce cibiyarta a ƙarni na 18 da na 19.

Wadda ta fi suna, wani kyaftin ɗin Amurka mai suna Eades ya saye ta a Batabiya, Jakarta ta yau, a 1822 kan dala 6,000. Jirgin da ba nasa shi kaɗai ba ya sayar ya biya. A Landan masani William Clift ya duba ya ce biri ne aka ɗinka da kifin salmon, amma aka ci gaba da karɓar sule ɗaya a ƙofa. A 1842 Barnum, wani mai wasannin nuni na Amurka, ya yi hayarta ya kai Niyok, ya sa abokin aikinsa ya fito a matsayin likita daga Ingila, ya raba ƙasidu masu zanen kyawawan mata. Mutane suka biya suka tarar da baƙin abu busasshe mai yaƙe.

Daga nan kowa ya ɗauka duk biri da kifi ne, sai na'urar hoton asibiti ta ƙaryata. Ta gidan tarihin Horniman a Landan ba biri a cikinta: itace ne da waya, da yumɓu da takarda, da muƙamuƙin kifi. Ta haikalin Enjuin a lardin Okayama tsawonta santimita 30, takardar da ke akwatinta ta ce an kama ta a raga tsakanin 1736 da 1741. Jami'ar Kurashiki ta bayyana sakamako a Fabrairun 2023: ba ƙashin baya, ba haƙarƙari, ba ƙoƙon kai. Ciki tsumma ne da auduga da takarda, an shafe da wani abu kamar farar ƙasa, an lulluɓe kafaɗu da hannaye da fatar talibambam, ƙasan jikin kifin kuroka ne, haƙora na wani kifi mai cin nama, gashi na dabba, an kafe da allurai. Gwajin shekaru ya nuna ƙarshen shekarun 1800.

Inda haɗin yake tonuwa: mahaɗar ƙugu, don a nan ake cusa abin toshi a shafe, haƙora masu tsini jere fiye da ɗaya, irin na kifi, da haƙarƙarin da aka zana a waje ba komai a ƙarƙashinsa.

Akwai mai arha ma. A samu kifi irin kunamar ruwa, a kifar da shi. Hancinsa biyu da bakinsa a ƙasa suke, sun yi kama da fuska. A tsaga fiffiken, a ɗaure wuya da zare, a shanya, a shafa fenti mai ƙyalli. Matuƙan Antwaf ta Beljiyam sun yi ta sayar da wannan, har masanin dabbobi Conrad Gessner ya gargaɗi mutane a kansa tun 1558.

Injiniya Bature:
Ga Hajiya mai tambaya, yadda za a tantance bidiyo. A ɗauki hoton allo guda uku daga wurare daban-daban, a saka a Google Lens, a nemi kwafi mafi tsufa. Yawanci za a tarar ya shekara da shekaru, da sunan wata ƙasa. A duba motsin wutsiya: in tana lanƙwasa a wuri ɗaya tsakiya, gwiwar mutum ce cikin rigar roba. Ana sayar da irin wannan riga, akwai masu sana'ar iyo da ita. In na ƙirƙirarriyar basira ne, a ƙirga yatsu, a kalli fuskokin 'yan kallo na baya, a ga ko yashi yana nuna sawun jan jiki. Da yawa kuma yankakku ne daga shirin da tashar Animal Planet ta nuna a 2012, wanda 'yan wasa suka fito a matsayin masana. Ruɗanin ya kai hukumar kula da teku ta Amurka ta fitar da sanarwa a shekarar cewa ba a taɓa samun shaidar mutanen ruwa ba.

Likitar Dabbobi:
Jikin ma ba zai yi aiki ba. Litar iska tana ɗauke da iskar numfashi kamar miligiram 280, litar ruwa mai ɗumi kamar 8. Ƙwaƙwalwar mutum da jini mai ɗumi ba za su rayu da wannan ba, shi ya sa dolfin da ayu suke fitowa su shaƙa. Ruwa kuma yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, don haka dabbar ruwa mai shayarwa ko dai kitse ya naɗe ta kamar ganga, ko gashi mai kauri. Siririyar mace mai dogon wuya sanyi zai kashe ta. Ga ɓawon kifi a ƙasa ga nono a sama, aji biyu ne na halitta da ba sa haɗuwa.

Ungozoma Asabe:
Don Allah a saurari wannan, don yana raba aure. Akwai lalurar haihuwa da jariri yake zuwa ƙafafunsa biyu a haɗe. Likitoci suna kiranta sirenomeliya, tana faruwa kamar sau ɗaya cikin haihuwa 60,000 zuwa 100,000. Igiyar cibiya ta saba zuwa da jijiyoyin fitar da jini biyu, a nan ɗaya ce babba, tana karkatar da jini daga ƙasan jikin tun makonnin farko. Shi ya sa ba ƙafa kaɗai ba ce: sau da yawa ba ƙoda, ba mafitsara, ba dubura, ruwan mahaifa ya yi ƙaranci, huhu bai buɗe ba. Yawanci ba sa wuce kwana ɗaya ko biyu. An fi ganinta ga masu ciwon suga da ba a daidaita ba, da tagwaye masu kama ɗaya. Sikanin wajen mako 11 zuwa 14 ya fi nuna ta, don daga baya ruwa ya ragu hoto ba ya fita sosai. Uwar ba ta yi wanka a rafi da almuru ba, ba ta yi gamo ba. Gwajin suga take buƙata kafin ciki na gaba, ba a ɗauki gawar ɗanta a waya ba.

Ɗan Sarkawa:
Haka yake Anti. Nutsewa ma haka. In aka ce 'yan ruwa sun ja shi, a duba waɗannan tukuna. Ramin masu ɗiban yashi: ana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai zurfin mutum biyu, ƙasan kuma ruwan sanyi mai ɗaure jijiya. Laka mai riƙe ƙafa. Tsohuwar raga da saiwa. Ƙasan madatsa, inda ruwa yake zubowa ya juya baya, ya yi ta mayar da mutum. Da minjirya, wadda girgizarta takan kai bolt 350. Wanda ta taɓa zai rantse hannu ne ya damƙe shi.

Cewa sun riƙe shi kwana biyu ko uku suka sako, gawa ce take nutsewa, sai iska ta taru a ciki ta taso, a ruwan ɗumi da wuri, a na sanyi a makare. Ido da leɓe da aka tarar an taɓa, ƙananan kifi da ƙaguwa ne suke fara wa wuri mai laushi.

Wajen ceto, kada wanda bai ƙware ba ya faɗa, mai nutsewa yana danne duk abin da ya kama. A miƙa gora ko igiya, ko a jefa jarka marar komai an ɗaure murfinta. In an fito da shi ba ya numfashi, kada a juya shi ƙafa sama ko a danna ciki. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓa, a hura masa iska sau biyar, sannan danna ƙirji 30 hura 2, a yi ta yi. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti.

'Yar Zango Kumasi:
A kudancin Jaba ta Indunusiya an hana sa koren kaya a bakin teku, wai launin sarauniyar teku Nyai Roro Kidul ne, za ta ɗauke ka. Gaɓar Parangtritis kuwa tana da igiyar da ke komawa teku da ƙarfi, irin wadda gudunta kan kai mita 2 da rabi a daƙiƙa, kuma mai koren kaya yana da wuyar hangowa a koren ruwa. Irin wannan igiya ba a yin gaba da gaba da ita, gefe ake iyo, a bi tsawon gaɓa har a fita daga bakinta.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Saura ɗaya Likita, tunda mu mata ne: man ayu da ake sayarwa cikin kayan mata, yana da alaƙa da wannan?

Likitar Dabbobi:
Tushe ɗaya ne Hajiya. Dabbar da aka ce asalinta mace ce, sai aka ɗora wa jikinta sirrin mallaka. A Maleshiya da Indunusiya hawayen dugon ake sayarwa a matsayin maganin farin jini, alhali majinar da ke kare masa ido ce, tana zuba in an fito da shi tudu. A Japan cewa aka yi wadda ta ci naman 'yar ruwa ta shekara 800. Kitsen ayu kitse ne, ba wani bincike da ya nuna yana yin abin da ake faɗa, kuma mai saye ba ta da hanyar sanin ko na ayu ne ko na wata dabba aka narka. Cusa man da ba a san asalinsa ba a gaba yana jawo ƙaiƙayi da sanyi.

Ga lissafin dabbar kuma: ciki kusan wata 12 zuwa 13, ɗa ɗaya, sai ta shekara biyu ko fiye kafin wani. In an kashe uwa, ɗan ma ya tafi. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta hana farautarsa, kuma tun 2013 yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Ɗan Sarkawa:
Kuma ba mafarauta kaɗai ke cinsa ba. Raga tana naɗe shi ya kasa ɗagowa, ƙofofin madatsa suna matse shi, in ruwa ya janye da rani yakan maƙale a tafkin da ya yanke daga kogi. Wanda yake son ganinsa da rai, ya je inda burgu ya yi yawa da sassafe ko dab da magariba, ya kashe injin jirgi. Kada a jira kai ko gashi. Abin da za a gani guntayen ciyawa ne suna tasowa an gatsa su daga ƙasa, sai wani zagayayyen santsi a fuskar ruwa inda wutsiya ta buga, sannan ƙofofin hanci biyu kamar bakin kwalba su buɗe, a ji huci ɗaya, su rufe. In an ga kunnuwa sun leƙo tare da hancin, wannan dorina ce, a ja da baya.